Wurin da Ke Kusa da Mamma

Kunafaru,
farkon watan Maris.

Zuwa ga mahaifina, Bappa Idris,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da biyayya, ina fata wannan takarda ta same ka da sauƙi, kumburin ƙafar ya sace, wankin ƙodar kuma bai kayar da kai kamar na wancan makon ba. Ina Yaya Halim da matarsa Shiuna da yaran? Allah ya saka musu da alheri kan ɗawainiyar da suke yi da kai a wannan matsattsen gida nasu na babban birnin Male. Mu nan lafiya ƙalau. Mijina Nizar yana gaishe ka, idan har yau kana karɓar gaisuwar mutumin Unguwar Gabas.

Na koma ga takarda ne saboda waya ta gagare mu. Ni ina ta ƙwala murya a nan, kai kana can kana cewa, "Wa ya rasu?" har maƙwabta sun haddace duk abin da ke tsakaninmu. Yaya Halim ya ce na'urar kunnen da ya saya maka ka jefa ta cikin gwangwanin shayi. To, ido dai yana aiki, sai ka sa tabarau ka karanta a tsanake.

Jirgin duwatsun ya iso, Bappa. Wanda ake ta yi mana alkawarinsa tun ina 'yar makaranta, wanda kowane ɗan takara yake rantsuwa a kansa. Mun wayi gari ne kawai muka gan shi a bayan duwatsun murjanin da suka kewaye tsibirinmu, baƙi, faffaɗa, an jibga masa duwatsu, ga injin haƙa a kai. Yara suka ƙi shiga aji. Ni kaina da nake kansila na kasa zama a ofis, in zauna, in tashi, in leƙa ta taga ko yana nan.

Aiki biyu ne a kwangila ɗaya: a haƙa mana tashar jiragen ruwa, a kuma gina katangar duwatsu a bayan maƙabarta. Sai dai ma'aikatar ayyuka ta ce ba za a sauke ko tsakuwa ba sai unguwannin nan biyu sun amince da inda za a yi tashar. Zaɓe ya matso, ba wanda yake son ɓata wa rabin tsibiri rai. Injiniya ya zagaya da kayan awonsa, ya ce Gabas ta fi, don iskar damina ba ta dukanta. Mutanen Gabas suka wuni suna buga ganga. Mutanenka na Yamma kuwa suka taru a rumfarsu ta bakin ruwa suka ce akwai maganar Idris a ƙasa. Ka tuna ta. Kai ka faɗe ta a wannan rumfar kafin ka tafi, cewa muddin kana numfashi ba za a kai tasha Gabas ba. Ka kuma fi ni sanin al'adarmu: maganar da babban unguwa ya ajiye a rumfa, ba mai ɗaga ta sai shi da bakinsa.

Ba don in tsokane ka ba, amma ka tuna ranar da ka tafi asibiti. Ruwan Yamma ya ƙi taɓuwa, dole aka bi da kai ta bakin ruwan Gabas, samarinsu suka ɗauke ka a kujerar igiya, ruwa har ƙirjinsu, kai kuma ka rufe fuska da tawul wai rana ce ta dame ka. Haka ake fita da masu naƙuda. Haka ake shigo da buhun shinkafa, rabinsa a jiƙe.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Teku ta ci bayan maƙabarta fiye da yadda ka bari. Kwakwar nan mai lanƙwasa da kake rataye guga a jikinta in ka je zuba wa kabarin Mamma farin yashi ta faɗi, saiwoyinta a sama. Tsohuwar katangar ta tsage. Mamma tana layi na biyu daga katangar, ga kuma wurin da ka sa aka bar maka kusa da ita, wanda ka ce in kula da shi kada ciyawa ta fito. Ina kula da shi. Amma ciyawa ce nake iyawa da ita, teku ta fi ƙarfina. In iskar yamma ta taso a watan Mayu babu duwatsun nan a wurin, ban san abin da zan rubuto maka ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka sa Yaya Halim ya ɗauki muryarka a waya, ka ce ka ɗaga maganarka, in kai rumfa su ji da kunnensu. Ba don Gabas ba, ba don ni ba. Don ita, da kai.

Na ba mai jirgin fito ƙunshin busasshen kifi. Na su Shiuna ne, likita ya hana ka gishiri, kuma na gaya mata ta ɓoye inda hannunka ba ya kaiwa. Naka shi ne sabon zanen ɗaurawa mai ratsin fari.

Allah ya ƙara sauƙi, ya dawo mana da kai da ƙafarka.

Ni ce 'yarka mai kewarka,
Zulaikha.

Kunafaru,
ƙarshen watan Maris.

Bappa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki, ina gaida mutanen gidan duka. Na ji an ce ka ci abinci sosai a wannan makon, har ka yi wa ma'aikaciyar jinya gardama kan yadda ake ƙulla igiya. Na ji daɗi, don in kana gardama to da sauran ƙarfi.

Amsarka ta iso. A tsaye na karanta ta a bakin ruwa, ba ta kai a zauna mata ba. "Maganata tana nan. Gwamnati ba za ta janye jirgi ana gab da zaɓe ba. Ki gaida mijinki." Na isar da gaisuwar, ya ce ya amsa.

Bari in ba ka labarin taron da muka yi a zauren makaranta, tunda na san mutanenka sun aiko maka da nasu, da gishiri a ciki. Jaufar, shugaban majalisar tsibirinmu, ya sa aka jera kujeru a cakuɗe. Kafin ya gama gyara abin magana, mutane sun raba su gida biyu, sun bar hanya a tsakiya. Injiniya ya yi bayani da takardar zane, ba wanda ya kalle ta. Sai abokin gardamarka Dawud Manik, babban Gabas, ya miƙe da sandarsa.

Ya ce, "Mu fa ba mu da gaggawa. Ruwa ta ɓangaren Yamma yake cin maƙabarta. In ya gama da mutanensu ya iso namu, sai a kira mu a yi magana."

Ƙaninka Gafur ya amsa daga inda yake zaune, ya ce, "Naku ai ko teku ba ta so, in ta haɗiye sai ta tofar."

Zaure ya ɗauki dariya, har da 'yan Gabas ɗin. Bappa, ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Uwata ce a layi na biyu, kuna dariya. Ku bari a gina katangar, in ya so ku ci gaba da faɗan tashar har tashin alƙiyama."

Wata daga cikin matan Yamma, wadda muka yi wasan ƙasa tare da ita, ta ce, "Kansila, da wane bakin kike magana, na ubanki ko na mijinki?"

Daga Gabas kuma wani ya ce, "Ku rabu da ita, jinin Yamma ne, ba ya jin wanki."

Haka aka watse. Na fito cike da haushi.

Na gwada ta wata hanyar. Na yi ta kiran ma'aikata ina roƙon a raba aikin biyu, a fara da katangar. Wannan ya haɗa ni da wancan, wancan ya ce mai ofishin yana taro, da na same shi ya ce, "Kansila, kwangila ɗaya ce, ba a yanka ta kamar kifi. Ku daidaita a can tukuna." Mai wakiltarmu a majalisar ƙasa ma ya zo neman ƙuri'a, aka goyo shi a baya daga jirgi don kada wandonsa ya jiƙe. Ya ci abincin rana a Gabas ya ce musu tasha tasu ce, ya sha shayin la'asar a Yamma ya ce ba za a taɓa maganar dattawa ba. Na tare shi a hanya na ce ya zo ya ga maƙabarta, ya dubi agogo ya ce ruwa zai janye ya bar jirginsa a kan yashi. Yanzu tutocin jam'iyyu sun rufe mana sama, Gabas launi ɗaya, Yamma wani, kamar da ma jira suke a ba su abin da za su rataya.

Kowace safiya ina fita shara da matan Gabas a babban titi, ni da surukata Sanfa. Ka san yadda ake yi: mu share daga namu gefen, matan Yamma su share daga nasu, kowa ta tsaya kafin tsakiya, a bar siririn layin ganye tun daga tudun bayan makaranta har ƙofar maƙabarta, don kada a ce wata unguwa ta yi wa wata bauta. Ina yarinya ina sharewa daga can in tsaya. Yanzu ina sharewa daga nan in tsaya. Shekaran jiya hankalina ya tafi, tsintsiyata ta ɗan gota, sai Sanfa ta ce, "'Yar nan, tsintsiyarki tana kewar gida ne?" Da can dariya layin nan yake ba ni. Yanzu in na dube shi sai in ji zuciyata ta cushe.

Ba na iya zama, Bappa. In na ɗora tukunya sai in ce bari in leƙa maƙabarta kafin ta tafasa. In na dawo sai in tafi Gabas in duba ko jirgin yana nan. Nizar ya ce ko kifin da aka jefo cikin kwale-kwale ya fi ni natsuwa. Shi ba ya cewa komai kan maganarka, amma na san abin da yake sha a rumfarsu saboda ni.

Ka ce gwamnati ba za ta janye jirgi ana gab da zaɓe ba. To bayan zaɓe fa? Ka yi wannan tunanin, in ka kwanta a gadon wankin nan da ba ka da abin yi sai kallon rufi.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Zulaikha.

Kunafaru,
tsakiyar Afrilu.

Bappa,

Sallama da gaisuwa. Yaya jikin? Shiuna ta ce tari ya dame ka, ina fata ya lafa. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna duk ya yi kanta.

An yi zaɓe an gama. Wanda ya ci ya ci, tun ranar ba mu sake jin muryarsa ba, wayarsa sai dai ta yi ta ƙara. Tutoci sun fara yayyagewa suna faɗawa cikin rijiyoyi.

Na sa Nizar ya kai ni jirgin duwatsun na ga kyaftin ɗin da idona. Dattijo ne mai haƙuri, ya ba mu shayi. Ya ce shi ba ruwansa da Gabas ko Yamma, amma jirginsa ba ya iya zama a wannan wurin in iskar yamma ta taso, kuma akwai wani tsibirin da ya daɗe da daidaita kansa yana jira. Na ce ya sauke mana ko kaɗan a bayan maƙabarta, ba wanda zai sani. Ya yi murmushi ya ce dutse ba ya ɓoyuwa, shi ma yana da iyali.

Da na ga haka sai na tara mata, tunda maza sun tare a rumfuna. Lokacin yaƙin neman zaɓe ɗan takarar gwamnati ya aiko wa Gabas da buhuna farare, na adawa ya aiko wa Yamma da masu ruwan toka, wai na tare ruwa. Na ce mu cika su da yashi mu jera a bayan maƙabarta. Suka yarda, har na ji kamar in yi kuka don murna. Mun yi aiki, Bappa. Tsofaffi suna riƙe bakin buhu, 'yan mata suna zubawa, Sanfa da ciwon bayanta tana ɗinke baki.

Sai da aka gama na tsaya daga nesa na duba. Matan Yamma sun jera nasu tun daga kusurwa har zuwa 'yar hanyar da ta raba kaburburanku da nasu, suka tsaya. Matan Gabas sun jero nasu daga ɗaya kusurwar har zuwa hanyar, suka tsaya. Tsakiya a buɗe, faɗin da mutum biyu za su wuce kafaɗa da kafaɗa. Na ce, "Wannan ƙofar ta wace ce, ta teku?" Kowa ta kama kaɗe zaninta. Wannan ta ce ba za ta tare wa matattun wasu ruwa ba alhali masu su suna raye, waccan ta ce ai Yamma ce ta fi kusa, ita ya kamata ta rufe.

Ban tsaya musu ba. Ni da Nizar muka ɗebo daga nan muka ɗebo daga can, muka toshe wurin kafin magariba. Da safe na koma na tarar da shi a buɗe. Gafur ya kwashe masu ruwan toka, ya ce na saci buhunan Yamma na kai wa dangin mijina. Jikokin Dawud Manik sun kwashe fararen, sun ce na saci na Gabas na kare kabarin uwata. Na sake toshewa, aka sake kwashewa. Jaufar ya kira ni gefe ya ce in bari kafin a zubar da jini.

Na ji haushinka, Bappa, ba zan ɓoye ba. Na tsaya a kan wurin nan naka da na cire wa ciyawa, ina jin ƙarar ruwa a bayan katanga, na ce a raina mutumin da ya fi kowa son ya kwanta a nan shi ne ya hana a tsare wurin. Ka yafe mini in na yi kaifi. Mamma ce kaɗai take iya gaya maka gaskiya ka yi shiru, ni kuwa ban gaji laushin bakinta ba.

Magana ɗaya ce, ko minti ba za ta ci ba. Yaya Halim yana da waya a aljihu.

'Yarka,
Zulaikha.

Kunafaru,
farkon Mayu.

Bappa,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da mutanen gida.

Muryarka ta iso. Na saurara, na sake saurara, na ji yadda numfashinka yake sarƙewa a tsakiya. Ka ce ka ɗaga maganarka, a kai tashar Gabas, amma da sharaɗin a sa mata sunan Unguwar Yamma. Na yi dariya da hawaye a idona, don ko a nan sai da ka riƙe wutsiyar abin.

Na kai rumfa, na ajiye wayar a tsakiyar tabarma, dattawa suka sunkuya suka ji. Gafur ya ce a sake sakawa. Bayan nan kowa ya juya yana kallon ruwa.

Jirgin ya tafi, Bappa. Tun jiya da hantsi wani ƙaramin jirgi ya zo ya ja shi. Mutanen unguwannin biyu suka fito bakin ruwa, kowa a gefensa, muna kallo har ya zama ɗigo. Dawud Manik ya ce dabara ce kawai, za su dawo. Na kira ma'aikata da albishir ɗin an daidaita, aka ce a rubuto, za a duba a kasafin baɗi.

Duk da haka na gode. Na san irin nauyin da ta yi maka kafin ka faɗa.

Sama ta fara haɗuwa ta yamma. Bari in je in dawo.

Zulaikha.

Kunafaru,
ƙarshen Mayu.

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka, ina yi maka fatan sauƙi da ƙarfin zuciya. Na roƙi Yaya Halim ya zauna kusa da kai in za ka karanta wannan. Na kuma hana kowa ya gaya maka a waya, don ba labarin da za a yi ta ƙwala maka a kunne ba ne. Rayayyu duk muna lafiya.

Ranar Juma'a da hantsi iska ta haɗu da cikar teku. Ina wurin, don na kasa zama a gida. Buhunan Yamma sun riƙe, na Gabas ma sun riƙe. Ta tsakiyar nan ruwan ya shigo. Kowace igiya in ta zo sai ta matse ta kutsa ta wurin da ƙarfi, in za ta koma ta kwashi ƙasar da ke bayan buhunan ta fita da ita. Ina kallo buhunan suka fara zubewa ciki, fari da ruwan toka tare, sannan tsohuwar katangar ta kwanta. Ruwan bai tambayi unguwar kowa ba. Ya ci layukan farko na Yamma, ya ci na Gabas.

Mamma tana ciki, Bappa. Da ita, da wurin da ke kusa da ita. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da aka sauko daga masallaci ruwan ya ja baya, muka ga abin da ya bari a bakin gaɓa. Ba zan kwatanta maka ba. Ba wanda ya ba da umarni, mutane kawai suka shiga. Nizar da Gafur suna riƙe da tabarma ɗaya suna tattara ƙasusuwan bayin Allah. Sanfa ta koma gida da gudu ta ɗauko farin yadin likkafanin da ta ajiye wa kanta, ta ce a yanka. Mu mata muka zauna a ƙarƙashin bishiya muna yanka muna miƙawa, ban ma lura da wadda ke gefena ba sai da ta kama hannuna, ashe mai tambayata da wane baki nake magana ce.

Dawud Manik ya shiga ruwa har ƙugu da tsufansa, an hana shi ya ƙi. Kaburburan matarsa da ɗansa suna cikin waɗanda ruwan ya ɗauka. Shi ya taka wani dutsen kabari mai zagayayyen kai irin na mata, ya sa aka ɗago, ya goge yashin da tafin hannunsa, ya karanta sunan. Ya ɗago kai ya neme ni cikin mata, ya ce, "'Yar Idris, zo ga uwarki."

Dutsen kaɗai muka iya shaidawa. Sauran duk sun cakuɗe, ba mai iya cewa wannan na wane ne, balle na wace unguwa. Liman ya ce kabari ɗaya za a yi musu. Nan take aka fara, wannan ya ce a Yamma, wancan ya ce a Gabas. Liman, da yake baƙo ne daga wani tsibirin, ya ce shi ya gaji, a haƙa a kan tudun da ke bayan makaranta, inda babban titi ya ƙare, daidai kan layin ganyen nan. Haka aka yi. Aka sa su gaba ɗaya, aka rufe, aka yi addu'a. Mamma tana kwance yanzu da matar Dawud Manik, da kakannin Nizar, da iyayenka. Ina jin ita ba za ta damu ba. Ka san ko da can takan miƙa wa Sanfa kwanon romon kifi ta saman layin in ta ga ba ka kallo.

Washegari da safe mata suka fito shara, layin ganyen ya dawo tsakiyar titi kamar ba abin da ya faru. Ma'aikata ta aiko da saƙon jaje, ta ce za a turo masu dubawa. Ban ƙara kiran kowa ba.

Saura magana ɗaya, ita ce dalilin wannan takarda. Ta gefen Yamma kabarin ya manne da katangar makaranta, babu wurin da za a ƙara kowa. Fili yana ɗaya gefen ne kawai. Da aka zo kafa duwatsun da aka tsinto, Dawud Manik ya sa aka kafa na Mamma a wannan bakin. Da mutane suka fara watsewa sai ya ja layi a ƙasa da sandarsa, tsawon mutum, dab da dutsen nata, ya sake jan wani a gaba da shi.

Ya ce, "Wannan na Idris ne. Na gaba da shi nawa. Ki gaya masa ni ma ba son maƙwabtakar nake ba, amma in babu ni wa zai yi wa gardama?" Ya juya da sauri ya tafi, yana share fuska da gefen rigarsa wai yashi ne ya shiga masa ido.

Wurin a ɓangaren Gabas yake, Bappa. Na duba da kyau, ba yadda za a karkata shi. Gafur ya ce ba za ka taɓa yarda ba, Nizar ya ce in bar ka ka huce tukuna. Ni dai na je jiya na cire ciyawar da ke wurin, na zuba farin yashi, na zauna a gefen har la'asar. Rabona da in zauna wuri ɗaya haka tun ranar da jirgin nan ya iso.

Wannan karon ba ma'aikata a ciki, ba rumfa, ba ɗan majalisa. Kai kaɗai ne. In ci gaba da kula maka da shi, ko in bari? Ka ba mai jirgin fito amsa a wannan zuwan, kada ka sa ni jira kamar wancan.

Allah ya jiƙan Mamma da waɗanda take kwance da su, ya ba ka lafiya da tsawon rai.

Ni ce 'yarka, 'yar Yamma matar Gabas,
Zulaikha.